Takardar da Ba Ta da Ranar Dawowa

Kujeru shida ne a falon Kawu, duk babu kowa a kai, amma ranar da manyan Dogo kafinta suka zo neman auren Auta ba a ce wa ko ɗayansu ya zauna ba. Tsofaffi uku, ɗaya da sanda, suka tsaya a kan darduma suka faɗi abin da ya kawo su. Kawu ya saurare su yana goge tabarau da gefen riga. Da suka gama ya mayar da tabarau a fuska.

"Mun ji," ya ce. "Sai dai gidan nan ba ma haɗa jini da wanda ya san lambar ɗakinsa a gidan yari. Allah ya ba shi daidai da shi."

Auta tana bayan labule. Ta ji komai, har da ƙarar sandar tsohon a kan matakala suna fita. Ba ta jira ƙofa ta rufu ba ta shigo.

"Kawu, ba a taɓa yanke masa hukunci ba."

"Na tambaye ki?"

"Kame aka yi a tasha aka kwashe har da shi, katako ya je karɓa. Sau ɗaya ya ga alƙali. Shekara huɗu da wata biyu yana jiran shari'a."

"Shekara huɗu da wata biyu," Kawu ya maimaita a hankali, kamar mai ɗanɗana magani. "Shekara talatin da ɗaya na yi ina magatakardan kotu, Auta, ban taɓa ganin ruwa ya yi tsami banza ba. Wanda ya kwana ɗaya a can ya ɗauko wari, balle wanda ya yi damina huɗu."

Kawu yayan Inna ne, mahaifiyar Auta. Tun da mahaifin Auta ya rasu tana 'yar shekara shida, shi ya kwaso su ya ba su ɗakuna biyu a bayan gidansa, shi ya sa ta makaranta, shi ya zaɓa mata karatun lauya. Ba mai cewa bai yi ba. Sai dai yana cikin mutanen nan da in sun yi alheri suke ajiye shi a aljihun gaba, inda hannu zai kai da sauri.

Tun bara malamarsu ta jami'a take kai su gidan yari duk Laraba, su zauna da masu jiran shari'a su rubuta bayaninsu, ita kuma ta kai gaban kotu. A can Auta ta ga Dogo, ta rubuta nasa, aka sake shi wata takwas da suka wuce. Abin da ya biyo baya ba sai an faɗa ba, tunda ga shi ya kai ga tsofaffi uku a tsaye.

Inna ta shigo tana murɗa bakin mayafi.

"Yaya, ka yi mata haƙuri. Ƙuruciya ce."

"Ƙuruciya, ga mace mai shekara ashirin da huɗu? Ga Barista nan, ɗan gidan mutunci, sati ba ya fita bai zo gaishe ni ba. Yana ma'aikatar shari'a, ya ce kujerarta na jiranta ranar da ta gama. Ita kuwa sai mai garin katako a gira."

Baristan nan Auta ba ta taɓa kiransa komai a ranta ba sai Ɗan Kwat, don ko rana za ta narkar da kwalta ba ya rabuwa da baƙar kwat. Ɗan abokin Kawu ne, mai gabatar da ƙara, kuma sakataren kwamitin da gwamnati ta kafa don rage cunkoso a gidajen yari. Yana iya maganar talaka na awa guda ba tare da ya san sunan mai gadinsa ba.

A ɗaki Inna ta riƙe hannunta tana kuka.

"Ki dubi maraicinmu, Auta. In ya ce mu fita, ina muka nufa? Shekara goma sha takwas muna cin arzikinsa."

"Muna cin arzikinsa, Inna, yana cin mutuncinmu. Ban san wa ya fi ƙoshi ba."

"Kada in sake jin wannan a bakinki."

Auta ba ta yi kuka ba. Kuka na mai niyyar haƙura ne.

*

Kwamitin Ɗan Kwat ya nemi ɗalibai su tona tsofaffin takardu su rubuto dalilin da ya sa ake mantawa da mutane a tsare, a karanta a zaman da za a yi nan da kwana goma. Don haka Laraba ta samu Auta a ɗakin takardu na gidan yari, ɗaki mai taga ɗaya can sama, da kantoci har rufi, da warin tsohuwar takarda da kashin ɓera.

Tun farko Dogo ya roƙe ta abu ɗaya: kada ta buɗe fayil ɗinsa. Lokacin da aka sake shi malamarsu ce ta yi aikin takardu, Auta bayanin bakinsa kawai ta rubuta. Ta riƙe alƙawarin wata takwas. Yau ta zo da niyyar karya shi, ta ɗauko shaidar cewa ba shi da laifi ta ajiye wa Kawu a kan cinya.

Sajan, tsohon gandiroban da ke kula da ɗakin, ya hau benci ya sauko mata da ƙunshin. Ya kaɗe shi a gwiwa, ya yi atishawa.

"Dogo ai namu ne," ya ce. "Shi ya gyara min bencin nan. Duk ƙarshen shekara sai ya zo ya ce in nuna masa takardarsa, ya duba, ya koma."

Fayil ɗin bai kai kaurin farce ba. Takarda ɗaya ce a ciki, takardar tsarewa. Sunansa, laifin da ake zargi, hatimin kotu. A ƙasa akwai layi da aka buga: ranar dawowa kotu. Layin fari fat.

"Baba Sajan, ina ranar?"

"Ai ita ce babu, 'yata. Mu nan ba mu san laifi ba, rana muka sani. In an rubuta rana, mu sa mutum a mota. In ba a rubuta ba, mu ba shi bargo."

"Ba wanda ya tambaya?"

"Mun rubuta sau biyu. Aka ce waɗanda aka kama tare da shi an sallame su, an rufe shari'ar. Can sun ɗauka ya tafi gida, nan mun san yana ɗaki na tara."

Sai idonta ya sauka ƙasan layin, wurin sa hannun magatakarda.

Koriyar tawada ce, harafin farko babba, na ƙarshe ya lanƙwasa ya koma baya ya ja layi a ƙarƙashin sauran. Wannan sa hannun yana kan kowane sakamakon jarrabawarta tun aji ɗaya na firamare. Ko a mafarki aka nuna mata za ta gane shi.

Ta zauna a kan bencin.

"Lafiya, 'yata?"

"Akwai wasu masu irin wannan tawadar?"

Suka wuni suna tono. Kafin la'asar takardu goma sha biyu ne a gabanta, duk koriyar tawada, duk farin layi. Biyu daga ciki an ja musu jan layi daga kusurwa zuwa kusurwa.

"Waɗannan fa?"

Sajan ya cire hula ya mayar.

"Waɗannan ba mota ce ta fitar da su ba."

Auta ta jera takardun ta daidaita gefensu a hankali. Abin da ta ji a ƙirjinta ba baƙin ciki ba ne. Da za a tsaga a duba, da an tarar da wani abu mai kama da murna, kuma ta san da haka, ba ta ji kunya ba.

*

Washegari da hantsi ta samu Kawu a bayan gida yana ba shukokinsa ruwa. Tun da ya yi ritaya ba shi da waɗanda zai yi wa tsawa sai su da Inna. Ta miƙa masa kwafin takardar da hannu biyu, har da rusunawa.

Ya ajiye butar. Ya karanta sau ɗaya daga sama zuwa ƙasa, ya sake karantawa daga ƙasa zuwa sama.

"Wa ya ba ki?"

"Aikina ya ba ni. Kai ka zaɓa min shi."

"Wa ya gani?"

"Ni da Allah da wani tsohon gandiroba. Ranar Litinin mai zuwa, kwamiti. Kawu, ka ce ruwa ba ya tsami banza. Na nemo abin da ya tsamar da shi."

Ta zaci zai yi tsawa. Bai yi ba. Ya ja kujerar roba ya zauna, ya sa yatsa a saman takardar.

"Kin duba ranar da aka tsare shi?"

"Na duba."

"Ba ki duba ba. Sake dubawa. Ina kike a wannan ranar?"

Ta duba. 

"Ranar rajistarki ce a jami'a," ya ce. "An ce in ƙarfe biyu ta yi za a rufe, a ba wani gurbinki. Na bar kotu tun sha ɗaya na ɗauke ki a motata. Kina tuna kin manta hotunanki muka koma? Da safe na sa hannu a kan takardu, yadda muke yi kullum, fanko, in alƙali ya yanke masinja ya cike suna da rana. Ya cike suna ya manta rana. Kowace kotu haka ake yi, Auta. Mutum ɗaya, shari'a sittin a wuni. Don ke na fita."

Ya san inda zai soka, ya soka. Ta tuna ranar sarai, ta tuna ya tsaya a layi a rana yana riƙe mata jaka. 

"To sauran goma sha ɗayan fa? Su ma rajista ka kai ni?"

Ta zaro sauran ta ajiye a kan gwiwarsa ɗaya bayan ɗaya. Da ta kai kan masu jan layi ya ɓoye hannunsa a cikin riga.

Inna ta fito da gudu daga kicin, don ta ji komai ta taga. Ta durƙusa tsakaninsu.

"Auta, yayana ne. Uwa ɗaya uba ɗaya. Hannunka ba ya ruɓa ka yanke ka yar. In kika tozarta shi a bainar jama'a, ni kika yi wa tsirara."

"Tashi," Kawu ya ce mata. Ya cire tabarau, ya dubi Auta da idanun da ba ta saba gani babu gilashi ba, ƙanana, jajaye. "Ke lauya ce, ni ma na ga lauyoyi. Ba wanda yake kawo takarda gida kafin ya kai kotu sai mai son sulhu. Yaron kike so? Na ba shi. Ki aika manyansa su dawo, ni da kaina zan tare su a ƙofa. Ki rubuta a rahotonki cewa kuskuren ofis ne. Ofis ba shi da jikoki, ba ya zuwa masallaci. Ni ina da su, ina zuwa."

"Jiya wari yake yi."

"Jiya ban san abin da na sani yau ba."

"Ka ce ka yi nadama, Kawu. Sau ɗaya."

Ya mayar da tabarau.

"Na ce na ba shi. Me kuma kike nema?"

*

Shagon Dogo rumfa ce ta kwano a bayan layin masu walda. Ta same shi yana yanka katako, fensir a bayan kunne. Da ya ga fuskarta ya ajiye zarto.

"Lauya, wa ya mutu?"

"Na buɗe fayil ɗinka."

 Ya ɗauki tsumma ya goge mata kujerar da bai gama ba, ta ƙi zama.

"Na ce kada ki buɗe."

"Ka sani ke nan."

"Shekara huɗu ina duba wannan koriyar tawadar duk ƙarshen shekara. Ranar da kika ba ni takardar izininki ta shiga gidan yari in riƙe miki, na ga sa hannun waliyyi a ƙasa. Kwana uku ban iya cin abinci ba."

"Ka sani, ka tura tsofaffinka gidansa ya bar su a tsaye?"

"Ba shi na tura su nema ba."

Nan hawayen da ta hana tun ranar da manyansa suka zo suka ɓalle. Ta faɗa masa komai, goma sha biyun, jan layin, ranar rajista, da tayin Kawu. Tana magana tana share fuska da bayan hannu, tana jin haushin kanta.

"Zan karanta sunansa a gaban kowa," ta ce. "Sai ya san yadda ake tsayuwa a gaban mutane babu kujera."

"Ki karɓi tayin."

Ta ɗago.

"Me ka ce?"

"Ki karɓa, Lauya. Ki rubuta ofis."

"Mutumin da ya cinye maka shekara huɗu?"

"Nawa ne shekarun ko naki? Ni na zauna. Ni na kwana a tsugune don babu wurin miƙe ƙafa. Mahaifiyata ta rasu ina ɗaki na tara, bayan wata biyar na ji. A shekarar farko babu irin kisan da ban yi wa mai koriyar tawada ba a raina. Na yanka shi, na ƙone shi, na binne shi da rai. Da safe in tashi, shi yana gidansa yana shan shayi, ni ina layin bokiti. Sai na gaji. Ba yafewa na yi ba, gajiya na yi. Yanzu an ce ga abin da nake so a duniya, in miƙa hannu. Ki bar ni in miƙa."

"Ni diyya ce? A biya ka da ni?"

"Ki kira shi abin da kika ga dama, ke ce mai karatu. Ni dai na san in kika karanta sunansa, babu wanda zai ba ni ke a danginku har abada, manyana ba za su sake taka gidan ba, ni kuma ba zan ɗauki mace ta bayan gida ba. An riga an ce min ɗan fursuna. Ba za a ƙara da ɓarawon 'ya ba."

"Mutum biyu sun mutu, Dogo."

"Na san su. Ɗaya kusa da ni yake kwana, ni na rufe masa ido. Sunan kawunki ba zai tashe shi ba." Ya matso. "Ki gyara musu aikin, ki sa a daina sa hannu a fanko, ki yi duk abin da kika yi karatu dominsa. Suna ɗaya kawai nake roƙo ki haɗiye. Ban taɓa roƙonki komai ba sai fayil ɗin nan, kin buɗe. Wannan na biyu ne."

Ta daɗe tana kallon garin katakon da ke ƙasa.

"Zan yi tunani," ta ce.

Ya ɗauka ta yarda. Ita ma a hanyar gida ta ɗauka haka.

*

Zauren ma'aikatar shari'a ya cika ranar Litinin. Alƙalai, gandirobobi, 'yan jarida uku, da wasu tsofaffin masu jiran shari'a da aka jera a benci na baya don a gani. Dogo yana cikinsu, da farar riga mai karin guga. A babban tebur shugabar kwamiti ce, tsohuwar alƙaliya mai sanda, sai Ɗan Kwat a hagunta. A damanta kuwa Kawu ne, an gayyato shi a matsayin dattijon aiki ya ba da shawara.

Kafin a fara Ɗan Kwat ya sauko ya same ta a gefe, ya miƙa mata rahoton da aka buga. Ta buɗe. Ita da kanta ta rubuta ofis a ko'ina, ta haɗa da shafi ɗaya a ƙarshe mai hoton takardun goma sha biyu, an rufe wurin sa hannu. Shafin ma babu shi.

"Na ɗan rage masa nauyi," ya ce yana murmushi. "Gyara muke so, ƙanwata, ba tonon silili ba. Ai zama ɗaya ne yanzu. Kawunki ya kira ni ranar Juma'a, ya ce in abin nan ya wuce lafiya, manya su zo a tsayar da maganarmu."

"Maganar wa?"

"Ni da ke mana. Bai faɗa miki ba? Ya ce kin sauko."

Ta dubi babban tebur. Kawu yana gaisawa da wani alƙali da hannu biyu, yana dariya. 'Ya ɗaya gare shi ta bayarwa, ya bayar da ita sau biyu a sati guda, ya zo da sabuwar hula.

"Na gode, Barista," ta ce. "Allah ya saka."

Aka ba Kawu magana. Ya yi minti ashirin. Ya ce a zamaninsu aiki ibada ne, ba a tashi ofis sai kowace takarda ta cika. Ya ce yaran yanzu waya ta ɗauke musu hankali. Ya ce kowane ɗan Adam da ke tsare amana ne a wuyan mai biro. Aka tafa masa sosai, har Sajan da ke can gefe ya tafa, a hankali, yana kallon ƙasa.

Auta ta bar shi ya gama. Ta bar shi ya zauna, ya sha ruwa, ya goge baki.

Sannan aka kira ta.

Ta ajiye rahoton da aka buga a kan tebur, ta buɗe jakarta ta fito da nata kwafin, wanda ba a rufe komai a cikinsa ba. Ta bayyana yadda ake sa hannu a fanko da safe, yadda masinja yake cikewa, yadda gidan yari ba ya fitar da wanda ba shi da rana. Ta ce a haramta sa hannu kafin hukunci. Ta ce duk takardar da ta isa gidan yari babu rana a mayar da ita kotu a wunin, tare da mai ita. Shugaba tana rubutawa tana gyaɗa kai.

Ta karanta sunaye goma sha biyu da tsawon zaman kowa. Da ta zo na Dogo ba ta ɗaga kai ba.

"Duka daga kotu ɗaya?" shugaba ta tambaya.

"Kotu ɗaya, ranki ya daɗe. Hannu ɗaya."

Ɗan Kwat ya sunkuya wajen kunnen shugaba. "Ranki ya daɗe, lokaci ya..."

"Zauna daidai, Barista. Hannun wa, 'yata?"

A benci na baya Dogo ya miƙe tsaye. Tsayuwa kawai ya yi, ya fi kowa tsawo, yana kallonta. Ta gan shi. Ta ga Kawu ya ɗora tafin hannu a kan tebur kamar mai neman abin riƙewa.

Ta karanta sunan, cikakke, har da na mahaifinsa, wanda shi ne kakanta.

Zauren ya yi tsit, sai biron 'yan jarida. Shugaba ta juya a hankali ta dubi wanda ke damanta, ta ja kujerarta ta ɗan matsa.  Kawu ya nemi tabarau a fuskarsa alhali suna nan.

"Daga Litinin mai zuwa," shugaba ta ce wa Auta, "ki zo ofishina. Kotuna arba'in ne a ƙarƙashin kwamitin nan, ina son a duba min kowace."

Auta ta amsa, amma idonta na benci na baya. Babu Dogo.

Ta cim masa a matakalar waje.

"Dogo, tsaya. Ƙarya ya yi mana. Ya riga ya yi wa Barista alƙawarina, da safen nan na ji."

Ya tsaya, bai juyo duka ba.

"Da bai yi wa Barista ba fa?"

Ta buɗe baki.

"Kin zo da wancan kwafin a jaka tun daga gida, Lauya, kafin ki ji komai. Faɗa min gaskiya, ke ce mai son gaskiya. Da kin karanta ko ba ki karanta ba?"

Motoci na wucewa a titi. Ta nemi ƙarya a bakinta, ba ta samu ba.

"Da na karanta."

"Na sani." Ya gyaɗa kai. "Kin huce?"

"A'a."

"Ba a hucewa. Da kin tambaye ni da na faɗa miki." Ya sauka mataki biyu, ya tsaya. "Shekara huɗu ina roƙon mutane masu ilimi su saurare ni. Kowa ya san abin da ya fi dacewa da ni. Ban zaci zan fito in tarar da irinsu a cikin wadda nake so ba. Kada ki zo shago."

Ya tsallaka titi, farar rigar ta shige cikin mutane.

Ta tsaya riƙe da ƙarfen matakala har masinja ya leƙo ya ce shugaba tana nemanta, ta zo da takardun. Auta ta share fuska da gefen mayafi, ta gyara zamansa, ta koma ciki.